Ga rairayi, ga kanwa: me ya hana Damagaram yin gilashi?

Tambayar ta fito ne daga wani matashin maƙeri da ke zubin tukwanen alminiyam a nan Damagaram. Ya ce ya ga bidiyon masu hura gilashi da bututu a ƙasashen waje, kuma an gaya masa da rairayi da kanwa ake yin sa. Yana son sanin abin da ya sa ba a wannan sana'a a garinmu, alhali rairayi ya kewaye mu, kanwa kuma ga ta buhu-buhu a Kasuwar Dole, sannan ko mai maƙera irin tasa zai iya farawa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai wanda ya faɗa maka ya ambaci kayan haɗi ya bar wuta, ita kuwa wuta ita ce uwar wannan sana'a. Duk garin da gilashi ya kafu a cikinsa, tun zamanin da har yau, gari ne da ya iya riƙe wuta mai tsananin zafi kwana da kwanaki ba ta mutu ba, ya kuma iya sauke zafinta sannu a hankali yadda ya ga dama. Rairayi da kanwa su ne mafi araha kuma mafi sauƙin samu a cikin abin da ake bukata.

Gilashin kwalba da na taga, wanda shi ne mafi yawan gilashin da ke hannun mutane, kashi 70 zuwa 74 cikin 100 na nauyinsa silika ne, wato sinadarin da ke cikin farin rairayi. Silika ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700, abin da babu murhun gargajiya da ke kaiwa, shi ya sa ake zuba mata soda, wato sinadarin da ke cikin kanwa, kimanin kashi 13 zuwa 15, wadda ke sauko da zafin narkewar ƙwarai. Amma rairayi da soda kaɗai suna ba da wani gilashi da ruwa ke cinye shi, don haka dole a ƙara kimanin kashi 10 na sinadarin farar ƙasa, wanda ake samu daga irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, ko daga ɓawon kodi da na katantanwa. Wannan na uku shi ne mutane suka fi mantawa, kuma idan babu shi, kofin da ka sha wahala ka yi zai fara gumi, ya yi fari-fari, ya rube a cikin damina.

Rairayinmu na tuddai ja ne saboda tsatsar ƙarfe da ta lulluɓe kowace ƙwaya. Masu yin gilashi garau suna neman rairayin da ƙarfen cikinsa bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba, domin ɗan kaɗan ya isa ya mayar da gilashi kore, idan ya yi yawa kuma ya koma baƙi-baƙi. Wankewa da tankaɗe suna rage shi, ba sa kawar da shi. Wannan ba aibi ba ne ga mai yin abin ado, aibi ne ga mai son gilashin taga kawai.

Kanwa kuwa, a nan muna da abin alfahari na gaske. Rumawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yin gilashinsu da kanwar da ake haƙowa a Wadi Natrun, wani kwari mai tafkunan gishiri a yammacin kogin Nilu a Masar, kuma a sinadarance ƴar'uwar tamu ce ta ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa, da ta bakin Tafkin Chadi. Matsalar kanwar kasuwa ita ce ba ta da hali ɗaya: wani buhun soda ta yi masa yawa, wani gishiri ne da laka suka fi yawa a ciki. Gishirin ba ya shiga jikin gilashi sosai, tasowa yake ya kwanta a sama kamar kumfa, sai an kwashe shi, kuma yana cin tukunyar narkarwa. Mai dafa tuwo ko mai ba dabbobi lasa bai damu da wannan bambanci ba, amma mai gilashi sai ya jiƙa kanwarsa, ya tace, ya busar, ya kuma gwada kowane buhu kafin ya amince da shi.

Hujja mafi ƙarfi cewa kanwar yankinmu tana yin gilashi tana Bida, a ƙasar Nufe. Akwai unguwar Masaga, zuriyar masu gilashi waɗanda tarihin bakinsu ya ce kakanninsu daga Masar suka taso, suka bi ta Borno kafin su zauna a can. Suna da baƙin gilashinsu na gado da suke kira bikini, wanda a zamanin baya suke dafawa daga rairayi da kanwar da fatake ke kai masu daga wajen Tafkin Chadi, a cikin ramin wuta da ake zugawa dare da rana. Da shi suke yin ƙarau da duwatsun wuya, irin ƙarau ɗin da kakanninmu mata suka sa a hannu. Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga aikinsu a 1911, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen sana'o'in hannu na duniya. Kafin Bida ma akwai Ile-Ife, inda binciken Abidemi Babatunde Babalola a dajin Igbo Olokun ya tono dubban duwatsun gilashi da tukwanen narkarwa, ya tabbatar da cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen wurin suna yin gilashi da kayan ƙasarsu, da wani haɗi wanda ba a san irinsa a Masar ko Turai ba. Saboda haka kada kowa ya ce maka wannan sana'ar Turawa ce.

To me ya sa kanwar ta wuce mu ta je ta zama ƙarau a Bida? Ba rashin gwaninta ba ne, domin a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, an zuba igwa a cikin wannan gari, wanda kuwa ya iya zubin igwa ya san wuta. A ganina, dalili biyu ne suka haɗu. Sana'ar gilashi a da sirrin gida ce, tana tafiya ne da ƙafar zuriyar da ta iya ta, kuma zuriyar ba ta sauka a nan ba. Sannan Bida tana cikin ƙasar itace, mu kuwa muna bakin hamada, inda kowane icce yake da mai jiransa. Murhun gilashi yana cin itace fiye da yadda mai maƙera zai zata. A Ingila sai da sarki ya fitar da doka a 1615 ta hana masu gilashi ƙona itace, saboda suna cinye dazuzzukan da ake sassaƙa jiragen ruwa da su, aka tilasta masu komawa ga kwal. A Benis ta Italiya kuma, a 1291 hukuma ta kwashe dukan murhunan gilashi zuwa tsibirin Murano saboda tsoron gobara. Ƙasashe masu dausayi ke nan suka sha wannan wahala, balle Damagaram.

Yanzu bari mu auna wutarka da wadda ake bukata. Alminiyam da kake zubawa yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe a 1,085. Masana'antu suna dafa haɗin gilashi a wajen digiri 1,500. Amma bambancin bai tsaya ga lamba ba. Ƙarfe idan lokacinsa ya yi, nan take yake zama ruwa tsululu, ka zuba a ƙwarya, ka kashe wuta, ka tafi gida. Gilashi ba shi da wani zafi guda da za a ce a nan ya narke. Laushi yake ƙarawa a hankali yayin da zafi ke hawa, kuma ko a tsakiyar wuta kaurinsa kamar na zuma ne. A cikin wannan kauri akwai dubban ƙananan kumfar iska da kanwa da farar ƙasa suka saki, waɗanda ba sa tasowa su fita sai an riƙe zafin sa'o'i masu yawa ba tare da ya sauka ba. Wannan ya sa masu hura gilashi ba sa kashe murhunsu da dare, wasu watanni suke yi yana ci, kuma kuɗin makamashi shi ne babban nauyin da ke kansu ko sun sayar ko ba su sayar ba.

Sai tukunyar da za ta riƙe narkakken gilashin. Tukwanen Mirya sun yi suna da gaskiya, amma jan yumɓu irin na tulu da randa yana ɗauke da ƙarfe mai yawa, kuma shi kansa yana fara laushi kafin gilashi ya nuna. Ana bukatar farin yumɓu mai jure wuta, a cuɗa shi da garin tsohon kasko da aka riga aka toya, a busar da shi makonni a inuwa, a kuma ɗumama shi sannu a hankali kafin ya ga gilashi. Tukunya ɗaya ta tsage a cikin murhu, an yi asarar gilashin da bulon da ke ƙarƙashinsa gaba ɗaya.

Saboda waɗannan wahalhalu ne ma magabata suka raba aikin gida biyu. A zamanin Rumawa wurare ƴan kaɗan ne a Masar da gaɓar tekun Falasɗinu ke dafa gilashi daga rairayi, a manyan murhuna masu ɗaukar tan da yawa a zubi ɗaya. Sai a farfasa shi gunduwa-gunduwa, a loda a jiragen ruwa, a kai wa ƙananan masu sana'a a ko'ina cikin daular, su kuma su sake narkar da shi su yi kofuna da kwalabe. Mai hura gilashi na wancan zamani, mafi yawanci, bai taɓa dafa rairayi ba. Ka riƙe wannan da kyau, domin gunduwar gilashin da su suke jira daga teku, kai tana zube a kan bola a kowace unguwa, daga Birni har Zango: kwalaben lemo, na turare, na magani. Wani ya riga ya biya kuɗin wutar digiri 1,500 ɗin. Masaga na Bida su ma da kwalabe suke yawancin aikinsu a yau, haka masana'antar Ngwenya a Eswatini da ta Kitengela a Kenya, waɗanda ke hura gilashi daga fasassun kwalabe suna sayarwa har ƙetare.

Hurawar kanta ta zo a makare cikin tarihin gilashi. An yi duwatsun wuya na gilashi a ƙasar Iraƙi ta yau tun fiye da shekara 4,000 da suka wuce, amma hura shi da bututu sai a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, aka gano shi a ƙasar Sham, kuma shaidarsa mafi daɗewa a Birnin Ƙudus aka tono ta. Daga nan Musulmi suka gaje ta suka kai ta ƙololuwa, har fitilun masallatai na Alƙahira na ƙarni na 14, masu rubutun ayar Nur da ruwan zinariya a jikinsu, suna cikin mafi kyawun abin da hannun ɗan Adam ya taɓa yi da gilashi. Garin Al-Khalil na Falasɗinu yana riƙe da sana'ar har yanzu.

Yadda ake yi shi ne, mai aiki yana da bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da ƴan kai. Yana ɗumama bakinsa, ya tsoma shi a narkakken gilashi mai zafin kusan digiri 1,100, ya murza har ya naɗo dunƙule, ya mirgina dunƙulen a kan faffaɗan ƙarfe mai santsi domin ya daidaita kuma fatarsa ta ɗan yi sanyi, sannan ya hura. Masu kallon bidiyo suna zaton ƙarfin huhu ake bukata, alhali iskar kaɗan ce: sau da yawa yana busawa sau ɗaya ya toshe bakin bututun da babban yatsa, zafi ya kumbura iskar ta yi aikin da kanta. Ainihin gwanintar tana hannun hagu, wanda ba ya daina murza bututun ko na ƙiftawar ido, domin da ya tsaya gilashin zai zubo gefe ɗaya. Cikin ƙasa da minti ɗaya abin ya sandare, sai a mayar da shi bakin wata wuta ta biyu ya sake laushi, a fito a matse wuyansa da awartaki, a sake mayarwa. Idan gindin ya kammala, mataimaki ya kawo sandar ƙarfe mai ɗan gilashi a kai ya manna a gindin, a ɗiga ruwa a wuyan, a ƙwanƙwasa bututun ya rabu, sannan a buɗe bakin kofin a wuta. Aikin mutum biyu ne aƙalla, kuma shekaru ake yi kafin hannu ya faɗa.

Gilashin kwalba yana da halinsa da ya kamata ka sani. An tsara haɗinsa ne domin inji, tun daga na'urar da Michael Owens ya ƙirƙiro a Amurka a 1903, don haka yana sandarewa da sauri fiye da gilashin da ake haɗa wa masu aikin hannu. Kuma ba kowane gilashi ke zama da ɗan'uwansa ba. Kowane iri yana da gwargwadon yadda yake kumbura da zafi, yake tsukewa da sanyi. Idan ka narkar da kwalba tare da gilashin taga, ko tare da irin na Pyrex, wato gilashin girki mai jure zafi, da na ɗakin gwaje-gwaje, za su haɗu lafiya a wuta, amma da sun huce ɗaya zai ja ɗaya su tsage. Ka ware kwalabenka iri-iri da launi-launi, ka wanke su, ka cire takarda da murfi. Launin yana cikin jikin gilashin kuma ba ya gushewa: koren kwalba daga ƙarfe da kuromiyam ne, shuɗi mai duhu daga kobalt, ruwan ƙasa daga ƙarfe da farar wuta.

Abin da ya fi kashe masu farawa, kuma bidiyo ba ya nuna shi saboda babu abin kallo a ciki, shi ne hucewa. Gilashi ba ya watsa zafi da sauri kamar ƙarfe. Idan ka ajiye kofi mai zafi a sarari, fatarsa ta waje takan sandare tun cikinsa yana da laushi, daga baya cikin ya so tsukewa, fatar ta hana shi, sai wani ɗauri ya zauna a jikin gilashin wanda ido ba ya gani. Wani ya fashe nan take, wani ya kwana uku lafiya sannan ya tsage shi kaɗai a kan kanta, wani kuma sai ranar da aka zuba masa shayi a hannun wanda ya saya. Maganinsa murhu na uku ne, wanda ake riƙewa a wajen digiri 500 zuwa 550: da an gama abu a sa shi ciki, ya zauna har ɗaurin ya saki, sannan a bar zafin ya sauka a hankali cikin dare. Kauri shi ke yanke tsawon lokacin, kuma ba daidai wa daida ba, domin abin da ya ninka kauri sau biyu yana bukatar kusan ninki huɗu na lokaci. Madubin hangen taurari na Dutsen Palomar a Amurka, mai faɗin mita 5, wanda kamfanin Corning ya zuba a 1934, wata goma ya yi yana hucewa. Ɗan dutsen wuya kuwa, binne shi cikin toka mai zafi a rufaffen kasko ya wadatar. A garinmu lokacin hunturu ya fi kowane lokaci haɗari, saboda iskar sanyin asuba idan ta bugi gilashi mai zafi ba ta barinsa, don haka rumfar aiki tana bukatar katanga ta gabas da arewa.

Shawarata gare ka ita ce kada ka fara da bututu. Ka fara da abin da wutarka ta yanzu za ta iya. Mutanen Krobo a Gana suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a ƙananan ƙwaryoyin yumɓu, su soka ɗanyen karan ganyen rogo a tsakiya, su toya a murhun da aka gina da ƙasar suri. Karan ya ƙone ya bar huda, garin ya manne ya zama dutsen ado, duk a zafin da bai kai digiri 900 ba. Matan Kiffa a Muritaniya, ƙasar da ta fi tamu ƙarancin itace, suna yin nasu da garin gilashi da ruwan ƙaro a kan garwashi kaɗan. Wannan matakin zai koya maka launuka, da waɗanne kwalabe ke jituwa, da hucewa, ba tare da ka ci bashi ba. Bayansa sai naɗa narkakken gilashi a kan sandar ƙarfe da aka shafa wa ruwan yumɓu, wanda shi ne hanyar Bida ta yin duwatsu da ƙarau, kuma a nan gawayi da zugazugi da hannun maƙeri suna da amfani kai tsaye. Idan da hali, ka je Bida ka zauna gaban masu abin, da ladabi da goron neman ilimi, domin wata guda a gabansu ya fi shekara kana kallon waya. Kasuwa kuwa tana nan: kayan amare, jigida, carbi, da duwatsun da dukawanmu za su iya ɗinkawa a jakunkuna da takalman da Damagaram ta yi suna a kansu.

Hurawa ta zo daga baya, idan ka sami abokan haɗin gwiwa da oda mai ɗorewa, domin murhun da ba ya mutuwa ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. Abin da ya canza tun zamanin kakanni shi ne iskar gas, wadda matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut take fitarwa tun da aka buɗe ta a 2011. Gas yana ba da wuta mai tsabta wadda ake iya daidaitawa, kuma ba ya taɓa gawo ko ɗaya. Ina roƙonka kada ka gina wannan sana'a a kan itace. Ƙasarmu ba za ta ɗauka ba.

Lafiyarka ma tana cikin lissafi. Ƙurar gilashi idan ta shiga huhu ba ta fita, don haka a jiƙe ake daka shi, da takunkumi mai kyau a hanci, nesa da yara da wurin girki. Kallon cikin murhu shekara da shekaru yana kawo yanar ido, sai da tabarau na masu walda mai sauƙin duhu. Tufafin auduga za ka sa, domin na roba narkewa yake ya manne a fata. Kada ka narkar da gilashin tsohon talabijin mai ƙusumbi, akwai dalma a ciki, ko dogon ƙwan lantarki fari, akwai zaiba. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin gari ke wuce digiri 40, aikin na asuba ne da na dare.

Kafin ka sayar wa kowa da abin da ka yi, akwai gwajin da za ka iya a gida. Ka sami kwamfuta ko talabijin mai shafaffen allo, ka buɗe farin shafi, ka riƙe gilashin a gabansa, ka dube shi ta cikin tabaran rana irin wanda direbobi ke sawa mai kashe ƙyallin hanya, kana juya tabaran har allon ya yi duhu. Gilashin da ya huce daidai zai yi duhu tare da allon. Wanda ɗauri ya rage a jikinsa zai nuna haske da zane-zanen launi, yawanci a gindi ko inda hannu ya haɗu da jiki, kuma irin wannan sai a mayar da shi murhun hucewa a sake daga farko.